Kafireto: Ƙaramin Ƙarfe Mai Cin Ribar Masu Sufuri da Manoma a Kagarko

KAGARKO: A ƙaramar hukumar Kagarko da ke kudancin Jihar Kaduna, kusan duk buhun citta da ya isa kasuwa sai da injin fetur ya yi ɗawainiyarsa: baburan da ke ɗauko shi daga gona, da tsofaffin motocin akori-kura da ke kai shi Jere a bakin hanyar Kaduna zuwa Abuja. Yawancin waɗannan injuna, har da na ban-ruwa da ƙananan janareto, da kafireto suke aiki, wato na'urar da ke gauraya fetur da iska kafin su shiga injin.

Idan ba a manta ba, kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a shekarar 1975, kuma ƙirarsa ta 504 da kafireto aka san ta. Masana'antun Turai da Amurka sun bar wannan na'ura a motoci tun farkon shekarun 1990, amma a ƙauyukan Nijeriya har yau tana bakin aiki, domin bakanike na iya kwance ta a gindin bishiya.

Abin da ya canza shi ne tsadar sakaci da ita. Bayan cire tallafin mai a ran 29 ga Mayu, 2023, litar fetur a Abuja ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma haura 1,000 a shekarar 2024. Injin fetur yana bukatar kimanin kashi 15 na iska ga kashi ɗaya na mai, bisa nauyi. Idan dauɗa ta toshe hanyar iska, ko allurar da ke tsayar da mai ta daina rufewa, sai injin ya riƙa shan abin da ba zai iya ƙonawa ba. Baƙin hayaƙin da ke fita ta salansa kuɗin mai abin hawa ne.

Galibi ɓarnar daga ajiya take farawa. Manomi ya gama noman rani, ya jingine injin ban-ruwa da fetur a cikinsa har damina ta wuce. Fetur ɗin ya bushe ya bar danƙo, laima kuma ta tara ruwa a ƙasan kaskon mai. Jikin kafireto gamin tutiya ne ko alminiyom, saboda haka ba ya yin jar tsatsa. Farin gari yake fitarwa mai kama da alli. Jar tsatsar da ake gani a ciki daga tankin ƙarfe take gangarowa, shi ya sa wanke kafireto ba tare da wanke tanki da sauya matatar mai ba aikin banza ne. Gurɓataccen mai ma yana da nasa laifi, kamar wanda aka shigo da shi a farkon shekarar 2022 mai yawan sinadarin metanol, wanda ke cin roba da alminiyom.

Gyaran kansa ba shi da wuya: a kwance, a ware robobi, a jiƙa ƙarafan cikin ruwan wankin kafireto ko kananzir, a goge da buroshi mai laushi, sa'an nan a hura kowace kafa da iska mai ƙarfi. Inda ake yawan kuskure shi ne zura waya ko allura cikin 'yan ƙofofin tagulla da ke auna mai. An huda su ne bisa ƙayyadadden awo, kuma da zarar sun buɗe ba sa komawa. Injin zai tashi, mai shi ya biya ya tafi da murna, alhali kuwa an ƙara masa kuɗin mai na dindindin. Haka nan ruwan batir da sodar sabulu, suna fitar da dauɗa amma suna cinye ƙarfen.

Ga mai lissafi, tsohon kafireto na asali da aka wanke aka sauya wa robobi da allura yakan fi sabo mai araha ƙarko, musamman ganin yadda faɗuwar darajar naira tun 2023 ta tsadantar da kayan gyara na waje. Sai fa idan jikin ya tsage, ko sandar maƙura ta cinye mazauninta har iska na kutsawa. A nan wanki ba ya magani, kuma mai injin zai nemi wani a Kafanchan ko a kasuwar Panteka da ke Kaduna.