Ƙonewar Gasket a Injin Mota: Yadda Ake Ganewa da Yadda Ake Gyara

Injin mota ya kasu gida biyu. A ƙasa akwai gangar jiki, wadda makanikai ke kira bulok, inda silinda da fistin suke; a sama kuwa akwai kan inji, wanda ke ɗauke da bawul da fulogi. Komai gwanintar maƙeri, ƙarfe biyu ba sa haɗuwa ba tare da ɗan gibi ba. Saboda haka ake shimfiɗa wani siririn faranti mai huji-huji a tsakaninsu, wanda kaurinsa bai cika wuce milimita 2 ba, a ɗaure shi tamau da ƙusoshi. Wannan shi ne gasket.

Aikinsa raba abubuwa uku ne da ke maƙwabtaka amma ba su ga maciji da juna: wutar da ke tashi cikin silinda, wadda zafinta kan haura digiri 2,000 a ma'aunin Salshiyos, ruwan da ke zagayawa daga lagireto yana kwashe zafi, da baƙin mai mai hana ƙarafa cin juna. Ɗalibin da ya karanta zuciyar ɗan Adam ya san bangon da ke raba jinin dama da na hagu, ya kuma san halin da jariri kan shiga idan an haife shi da huji a bangon nan. Haka abin yake a inji.

Yawanci zafi ne ke jawo ƙonewar gasket. A motoci da dama, kamar Peugeot 504 wadda aka yi shekaru ana harhaɗawa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975, an ƙera kan inji da alminiyam, bulok kuwa da baƙin ƙarfe. Idan aka dumama su daidai wa daida, alminiyam kan miƙe kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. An shirya gasket ya jure wannan bambanci a zafin aiki na yau da kullum, wato wajen digiri 90. Amma da fambel ya tsinke, ko lagireto ya toshe, ko famfon ruwa ya mutu, sai zafi ya zarce kima, kan inji ya lanƙwashe, wuta ta sami kafar kutsawa. Ruwan rijiya zalla da direbobi da yawa ke ɗurawa ya ƙara dagula lamarin, domin yana haddasa tsatsa, yana kuma barin farin gasa irin na gindin buta a cikin hanyoyin ruwa.

Kowace alama tana nuna wurin da bangon ya fashe. Idan tsakanin silinda da hanyar ruwa ne, iskar ƙuna kan kutsa cikin lagireto, a ga kumfa na tasowa, tiyo ya kumbura ya yi tauri, ruwa na raguwa alhali babu ɗigo a ƙasa. Ruwan kuma kan zurara cikin silinda ya fito ta salansa da farin hayaƙi mai kauri. Kada a rikita shi da ɗan tururin safiyar hunturu, wanda kan ɓace da zarar inji ya ɗumama. Fulogin silindar da ruwa ke shiga kan fito fes, kamar an wanke shi, alhali 'yan'uwansa na da dauɗa. Idan ruwa ya haɗu da baƙin mai, sai man ya koma launin shayi da madara. Irin wannan mai ya daina kare ƙarfe, kuma wanda ya ci gaba da tuƙi a haka yana neman injinsa ya buga.

Alama kaɗai ba ta isa hujjar kwance inji ba, sai an gwada. Gwaji na farko shi ne na matsi: a cire fulogi, a ɗaura ma'auni a raminsa, a juya inji, a rubuta abin da kowace silinda ta bayar. In biyu da ke jere da juna sun yi ƙasa tare, to gasket ya ƙone a siririn wurin da ke tsakaninsu. Gwaji na biyu zai burge malaman ilmin halittu. Ana ɗora wani bututu mai ɗauke da shuɗin ruwa a bakin lagireto, a zuƙo iskar da ke saman ruwan ta ratsa shi. Sinadarin da aka fi amfani da shi, buromotaimol, shi ne wanda ɗalibai ke hura wa numfashi a ɗakin gwaji. Iskar kabon dayokzayid tana mai da ruwa ɗan tsami-tsami, sai launin ya juya daga shuɗi zuwa rawaya. Lafiyayyen lagireto ba shi da abin da zai haɗa shi da wannan iska. In launi ya canja, iskar ƙuna ce ta shigo. Ba a buɗe murfin lagireto sai inji ya huce, domin matsin da murfin ke riƙewa yana hana ruwa tafasa har wajen digiri 120, kuma da an sassauta shi sai ruwan ya yi tsartuwa ya sale fuska.

Gasket ɗin kansa ba shi da tsada. Aikin ne mai yawa. Bayan inji ya yi sanyi, akan cire batir, a tsiyaye ruwa da mai, a kwance ƙusoshin kan inji daga gefe zuwa tsakiya. Injin 504 na da wata tarko a nan: silindarsa hannayen riga ne na ƙarfe da aka zura cikin bulok, ruwa na kewaye su. In aka fizge kan inji sama, ko aka juya inji ba a danne su ba, sai su motsa, hatimin gindinsu ya lalace, ruwa ya riƙa zuba cikin mai ko da an sa sabon gasket.

Daga nan sai a kankare fuskokin biyu, a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan kan injin, a zura siraran ma'aunai a ƙarƙashinsa. A yawancin kawunan alminiyam, gibin da ya kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ya isa a kai shi wurin masu injin goge ƙarfe, a kuma duba ko ya tsage. Nan ne gyaran gaggawa ya fi faɗuwa: a sa sabon gasket a kan karkataccen kai, a lafta masa gam, bayan 'yan makonni mota ta dawo gareji. Ɗaurin ƙusoshi ma ba na ƙarfin damtse ba ne. Ana fara shi daga tsakiya zuwa gefe, mataki-mataki, da sifana mai awo, bisa adadin da kamfani ya ƙayyade. Injinan zamani da yawa na da ƙusoshi masu ɗan miƙewa in an ɗaure su, waɗanda ba a maimaita su.

Saura kuma abin da ya jawo zafin tun farko. A wanke lagireto, a gwada fanka da famfo da murfi, a mayar da tamostat in an cire shi, kamar yadda wasu makanikai kan yi da sunan ƙasar zafi. A zuba sabon mai da ruwan sanyaya inji na ainihi. Wannan ruwa yana ɗauke da sinadarin etilin gilaikol, mai zaƙi a baki amma mai lalata ƙoda, don haka tsohon da aka tsiyaye ba a barinsa a buɗe inda yara ko dabbobi za su kai gare shi.