Kwamfutar da nake kashewa sau goma a yini

Ranar Juma'a 19 ga Yulin 2024, da sha biyu da minti tara na rana agogon Maleshiya, kamfanin CrowdStrike ya tura wa kwamfutocin Windows masu amfani da manhajarsa wani ɗan ƙaramin fayil. Kafin a sauko daga masallaci a Kuala Lumpur, allunan kwamfutoci sun koma shuɗi sun tsaya cak a faɗin duniya, kusan miliyan 8.5 a lissafin Microsoft. A filin jirgin Kuala Lumpur, ma'aikatan AirAsia suka koma tantance fasinjoji da hannu. Ni ina ɗakina a Gombak, kuma shuɗin allon bai girgiza ni ba, don a lokacin aikin karatuna ke nan, in kashe kwamfuta in tashe ta.

Kowace babbar manhaja, Windows ce ko Linux, tana da wani jigo da ake kira kanel. Shi ke raba ma'adana, shi ke magana da faifai da allo. Idan ƙaramar manhaja ta yi kuskure, kanel ya kore ta, aiki ya ci gaba. Idan kuwa kuskuren a cikinsa yake, sai ya tsayar da komai, don gara tsayawa da lalata bayanan mutane. To wa zai binciki abin da ya faru, tunda mai binciken ne ya faɗi? Wanzami ba ya aske ƙeyarsa.

Da can sai ka nemo kwamfuta ta biyu ka haɗa su da waya. Yanzu kwamfuta ɗaya ta isa. Da manhajar QEMU, wadda Fabrice Bellard ɗan Faransa ya fitar a 2003, nake gina kwamfutar gwaji a cikin tawa, in girka mata Linux. Daga waje nake riƙe da linzaminta da manhajar GDB, ta ƙofa mai lamba 1234. In na ce tsaya, sai ta daskare cak, in leƙa cikinta, in sake ta taki ɗai-ɗai.

Abin da ya hana ni barci kwana uku wata 'yar manhaja ce da na rubuta da hannuna na cusa a kanel. Kullum sai ta kayar da shi, kuma ba a wuri ɗaya ba, wanda shi ne abin haushin. Na sa shingen tsayawa, amma kanel ya wuce shi kamar bai gani ba. Ashe Linux na sauya mazauninsa a ma'adana duk tashi, saboda tsaro, sai ka hana shi da kalmar nokaslr. Wani abokin karatuna Bamalaye ne ya tuna mini a wani shagon abinci, muna shan shayin teh tarik.

Da na koma, minti ashirin aka yi na gano kuskuren. Na ware gurbi takwas, ina karanta na tara.

Bayan makonni CrowdStrike ya fitar da rahotonsa: manhajarsu ta nemi bayani na 21 alhali 20 aka ba ta. Kuskurenmu iri ɗaya ne. Tawa ta mutu ne a cikin kwamfutar gwaji, na mayar da ita yadda take cikin daƙiƙu kaɗan. Tasu kuwa, kwamfutoci da yawa sai da ma'aikata suka bi ɗaya bayan ɗaya suna goge fayil ɗin da hannu.