Daraktoci masu zaman kansu da cinikin kamfanoni da baƙi

A watan Disambar 2024 kamfanin Holcim na Suwizalan ya sanar da sayar wa Huaxin na ƙasar Sin kusan kashi 84 cikin ɗari na Lafarge Africa a cinikin da ya kimanta darajar kamfanin gaba ɗaya a kan dala biliyan ɗaya, har da masana'antar simintin Ashaka da ke Gombe. Irin wannan ciniki kan bi ta ofisoshin Abuja, wato SEC mai kula da kasuwar hannun jari da FCCPC mai sa ido kan gasar kasuwanci. Amma kafin takarda ta isa can, an riga an yi nisa da magana a teburin daraktoci.

A wannan tebur akwai daraktoci masu zaman kansu, waɗanda ba ma'aikatan kamfanin ba ne, ba kuma wakilan babban mai jari ba. Galibi tsofaffin shugabannin banki ne ko lauyoyi ko akantoci, kuma mutum ɗaya kan riƙe kujera a kamfanoni biyu ko uku. Ta nan sanayya ke shigowa. Baƙo daga Landan bai san wa zai tuntuɓa ba, bai san yadda ake bi da hukumomi ba. Daraktan da ya taɓa zama da ɓangarorin biyu kan haɗa su cikin sauƙi, ya kuma rage zargi a tsakaninsu.

Matsalar tana wajen farashi. Daraktan da ya saba cin abinci da mai saye zai iya jin nauyin ce masa tayinsa ya yi kaɗan, alhali shi ne idon ɗan fanshon da ke da hannun jari dubu biyu. Ga misalin muhimmancin farashi: a 2023 uwar kamfanin PZ Cussons ta Ingila ta nemi saye hannun ƙananan masu jari a Najeriya kan naira 21 kowane hannun jari, daga baya ta ƙara zuwa 23. A watan Maris na 2024 SEC ta ƙi amincewa.

Doka ta ja layi. Dokar kamfanoni ta 2020 ta hana mutum zama darakta a fiye da kamfanoni biyar masu sayar da hannun jari ga jama'a, gyaran 2023 kuma ya ce kashi ɗaya bisa uku na daraktocinsu su kasance masu zaman kansu. Sai dai doka kujeru take ƙirgawa, ba ta ƙirga abota.

Saboda haka mai hannun jari ya buɗe rahoton shekara, ya duba inda kowane darakta ke da kujera, kafin ya ɗaga hannu a babban taro.