Zafin Injin Mota: Kada Ka Yarda A Jefar Da Tamostat

A wannan wata za mu yi magana ne da direbobi da masu mota, da yaran da ke koyon kanikanci.

Idan bazara ta kama a ƙasar Gwandu, daga watan Maris zuwa Mayu, zafi kan wuce digiri 40. A lokacin ne ake yawan ganin mota tsaye a bakin hanya, tururi na tashi daga gabanta. Wani ya ɗauko albasa daga Malisa zai kai kasuwar Jega. Wani ya kwaso fasinja daga Kalgo za shi Birnin Kebbi. Kafin a samo bakanike, kasuwa ta watse. Wani lokaci ma injin ya buga, kuɗin gyara ya cinye ribar noman rani gaba ɗaya.

Da an je gareji, sau da yawa sai ka ji an ce: "Tamostat ce, a cire ta. Ai ta ƙasar sanyi ce." Haka aka yi wa motoci da yawa 'yan Kwatano. To amma wannan kuskure ne. Sababbin motocin da ake sayarwa a ƙasashe masu zafi, kamar Saudiyya, duk da tamostat ɗinsu suke zuwa.

Mece ce tamostat?

Wata 'yar ƙofa ce ta ƙarfe, ba ta cika tafin hannu ba. Tana zaune a hanyar da ruwa ke bi tsakanin inji da lagireto. Aikinta kamar na mai ban ruwa ne a fadama: ya toshe hanya, ya buɗe idan lokaci ya yi.

Da safe inji na da sanyi, sai ta rufe, don inji ya yi ɗumi da wuri. A cikinta akwai kakin da ke kumbura idan ya ji zafi. Da ruwa ya yi zafi sosai, kakin sai ya tura ƙofar ta buɗe, ruwa ya tafi lagireto ya huce. A jikinta za ka ga lamba, kamar 82 ko 88. Wannan shi ne digirin zafin da take fara buɗewa.

Me zai faru idan an cire ta?

Inji zai daɗe bai yi ɗumi ba, musamman da asubahin hunturu. Inji mai sanyi ya fi shan mai, kuma ringi da silinda sun fi saurin cinyewa. A wasu motocin kuma, tamostat ce ke toshe wata gajeriyar hanya a cikin inji. Idan babu ita, ruwan zafi sai ya riƙa zagayawa ta wannan hanyar, bai je lagireto ba. Ka ga an gudu ba a tsira ba.

Idan allurar zafi ta hau

Ka sauka gefen hanya, ka kashe inji nan take. Kada ka ce bari in ƙarasa gari. Kada ka buɗe murfin lagireto. Ruwan ciki a matse yake, zafinsa ya fi na tafasasshen ruwan tukunya, zai iya watsuwa ya saɓule maka fuska da hannu. Kada kuma ka kwara wa inji ruwan sanyi, domin kansa na iya tsagewa ko ya lanƙwashe. Ka jira aƙalla minti 30. Idan ya huce, ka sa tsumma ka buɗe murfin a hankali.

Yadda za ka gane inda cutar take

1. Duba ruwa. Idan ya ragu, nemi inda yake yoyo: tiyo, ko jikin lagireto, ko famfon ruwa na inji.

2. Idan mota na zafi a tsaye ko cikin cunkoson kasuwa, amma ta huce a kan gudu, duba fanka. Ko ba ta tashi, ko fambel ya saki.

3. Idan sai an yi mata lodi ko ana gudu take zafi, duba lagireto. Ƙura da ƙaiƙayin shinkafa kan toshe shi ta waje. Tsatsa kan toshe shi ta ciki.

4. Idan allura ta hau da sauri bayan tashi, ga ruwa cike, amma lagireto na da sanyi, to mai yiwuwa tamostat ta maƙale a rufe. Sai a gwada ta.

5. Idan ruwan lagireto na kumfa, farin hayaƙi na fita ta salansa, ko baƙin mai ya koma kamar kunu, to gasket ɗin kan inji ya ƙone. Wannan aikin babban bakanike ne. Kada ka ci gaba da tuƙi.

6. Duba murfin lagireto. Idan robarsa ta tsage, ruwa zai tafasa da wuri. Sayi mai lamba irin ta tsohon, kamar 0.9 ko 1.1.

Gwajin tukunya

Ba sai da na'ura ba. Ɗaura tamostat da zare, ka rataya ta cikin tukunyar ruwa, kada ta taɓa gindin tukunya. Ɗora a wuta, ka zuba ido. Mai lafiya za ta fara buɗe baki kafin ruwa ya tafasa. Idan ya tafasa, za ta buɗe sosai. Idan ka fitar da ita ta huce, za ta rufe ruf. Wadda ta ƙi buɗewa, ko ta ƙi rufewa, ta mutu. A sayi sabuwa mai lamba irin tata. Sabuwar ma a gwada ta, domin akwai jabu a kasuwa.

Yadda ake ɗaura ta daidai

1. Bari inji ya huce sarai. Tsiyaye ruwan lagireto a bokiti.

2. Kwance notin gidan tamostat. A wasu motoci yana ƙarshen tiyon sama, a wasu yana ƙarshen tiyon ƙasa.

3. Kafin ka ciro tsohuwar, dubi yadda take zaune da kyau.

4. Kankare tsohon gasket da tsatsa, wurin ya yi sumul.

5. Sa sabuwar. Ɓangaren da ke da sifirin shi ne zai shiga cikin inji. Idan ka juya ta, kakin ba zai ji zafi da wuri ba, kuma mota za ta yi zafi fiye da da.

6. Idan tana da ɗan rami mai 'yar ƙusa mai motsi a gefe, ramin ya kasance a sama. Ta nan iska ke fita.

7. Sa sabon gasket ko sabuwar roba. Ɗaure noti kaɗan-kaɗan, wannan sannan wancan. Kada ka matse da ƙarfin tsiya, gidan na iya fashewa.

8. Zuba ruwa a hankali. Tayar da inji da murfi a buɗe, har kumfar iska ta daina fitowa. Ƙara ruwa, ka rufe. Washegari da safe ka sake dubawa.

Wane ruwa za a zuba?

Ka lura da farin dattin da ke taruwa a gindin butar shayi? Haka ruwan rijiya ke yi wa lagireto a hankali. Ruwan lagireto mai launi da ake sayarwa a shagon kayan mota ya fi, domin yana hana tsatsa. Amma guba ne. A ɓoye shi daga yara da dabbobi, kada kuma a zubar da shi kusa da rijiya.

Ya kai ɗan'uwa, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Kuɗin tamostat bai kai ko kusa da kuɗin sauke inji ba. Kullum da safe, kafin ka tayar da mota, duba ruwa da baƙin mai da fambel. Idan bakanike ya ce a cire tamostat, ka ce masa: "Oga, a ɗora tukunya mu gwada ta tukuna." Ka kuma karanta wa direban da bai iya karatu ba wannan bayani.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai mu gida lafiya. Sai mun sadu a wata mai zuwa.