Daren Rufe Biki: Gargaɗi ga Mai Iyali

A birnin Rabat, fadar mulkin Maroko, akwai wani biki da ake kira Mawazine, inda makaɗa da mawaƙa na Gabas da Yamma, Larabawa da Turawa da baƙar fata, suke haɗuwa kwana da kwanaki, kowa yana baje abin da Allah ya hore masa. Kuma da yake galibin dandalinsa a sarari suke, ba a neman ko anini a bakin ƙofa, sai ya zamana talaka ma yakan kwashi matarsa da 'ya'yansa ya tafi, musamman a daren rufewa, wanda kowa ke ɗokinsa. Hukuncin kiɗa kansa magana ce ta malamai, ba ita ta kawo ni ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne amanar rayukan yara, tun da 'yan'uwanmu ba sa yankewa a Maroko, wasu ɗalibai, wasu masu ziyarar Shehu Tijjani a Fas, kuma baƙo shi ne mafi jahiltar ƙofofin gari.

Ranar Asabar, 23 ga Mayu, 2009, a daren rufe bikin, jama'a wajen dubu 70 suka cika filin wasa na unguwar Hay Nahda don sauraron mawaƙi Abdelaziz Stati. Aka yi wasa lafiya, aka gama lafiya. Sai da aka tashi fita, kowa yana gaggawar riga ɗan'uwansa, jama'a suka danna wani shingen waya ya faɗi, na gaba suka zube, na baya kuwa, waɗanda ba su da labarin abin da ya auku, suka ci gaba da turowa. Mutum 11 suka riga mu gidan gaskiya, cikinsu har da mata da yara.

To, a nan ya kamata mai hankali ya tsaya ya yi la'akari, domin musibar ba ta zo lokacin da kiɗa ya yi zafi ba, sai bayan an ajiye kayan kiɗa. Sababin kuwa a fili yake: jama'ar da ta shigo kaɗan-kaɗan tun daga la'asar, ita ce take son fita gaba ɗaya cikin 'yan mintoci, alhali ƙofa ba ta ƙara faɗi ba, ga shi kuma taron da ba a sayar da tikiti, da wuya masu shirya shi su san adadin waɗanda suka shiga. Mutane suna zaton tattakewa ce kaɗai take kisa, amma haƙiƙa da yawa a tsaye suke cikawa, saboda idan matsi ya tsananta ƙirji ba ya samun sararin buɗewa, numfashi ya gagara. Yaro kuwa, wanda kansa bai wuce ƙugun manya ba, shi ne farkon wanda iska take yanke wa. Irin wannan ta faru a wani taro a Duisburg ta Jamus a 2010, inda hanya guda ta zama mashiga kuma mafita, mutum 21 suka halaka.

Saboda haka wajibi ne magidanci, da isarsa, kafin ma ya nemi wurin tsayawa, ya san mafita biyu aƙalla, ya zaɓi gefe, ya bar gaban dandali ga samari. Can ma lasifika take, wadda ƙararta ke illata kunnen jinjiri. Ya rubuta lambar wayarsa a damtsen kowane yaro, ya nuna wa manyansu wata alama, fitila ko bishiya, inda za a haɗu in an rabu, don waya kan ƙi shiga a cikin irin wannan cunkoso. Sa'an nan ko dai ya tashi kafin waƙar ƙarshe, ko ya haƙura ya zauna har fili ya yi sauƙi. Wanda kuma ƙaddara ta rutsa da shi cikin matsi, to, ya ɗora yaro a kafaɗa, ya tokare hannuwansa gaban ƙirji, kada ya yi jayayya da turin jama'a, ya riƙa ratsawa a karkace har ya kai gefe. In takalmi ko waya ta faɗi, kada ya kuskura ya sunkuya.