Idan Kwamfuta Ta Ƙi Kama Intanet: Abin Da Za A Yi Kafin A Tafi Birni

Yawancin ikkilisiyoyinmu da ƙananan asibitocinmu suna da kwamfutar tafi-da-gidanka da ƙaramin akwatin nan mai raba intanet da ake kira rawuta. Da su ake aika rahoton wata, da sunayen gwauraye da marayu masu karɓar taimako. Idan rahoto ya makara, taimako ma yakan makara. Sau da yawa matsalar ba ta kai a kashe kuɗin mota zuwa wurin mai gyara ba.

Abubuwa 3 ne suke aiki tare: kwamfuta, rawuta, da kamfanin da ke ba da sabis. Aikinku shi ne ku gano wanda ya tsaya.

1. Ku fara gwadawa da wayar hannu. Idan waya ta kama Wi-Fi ɗin kuma shafi ya buɗe, laifin na kwamfuta ne. Idan ita ma ta kasa, ku koma kan rawuta.

2. A kan kwamfuta, ku duba ko alamar jirgin sama tana kunne, domin ita takan kashe Wi-Fi. Waɗansu tsofaffin kwamfutoci suna da ɗan makunni a gefe.

3. Kalmar sirri tana bambanta babban baƙi da ƙarami. Ku tabbata Caps Lock a kashe yake. Yawanci sunan rawuta da kalmar sirrinsa na asali suna rubuce a ƙarƙashinsa.

4. Ku cire rawuta daga wuta, ku jira daƙiƙa 30, ku mayar. Ku ba shi minti 2 fitilunsa su daidaita.

5. Ku matso kusa. Bango mai kauri da kwanon rufi suna raunana sabis. A ɗora rawuta a wuri mai tsayi, kada a kulle shi cikin akwatin ƙarfe. Idan kun ga suna biyu, ɗaya da 2.4 ɗaya da 5, ku zaɓi 2.4: ya fi ratsa bango, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa shi kaɗai suke gani.

6. Idan kwamfuta ta haɗu amma shafi bai buɗe ba, ku bincika ko data ta ƙare. Ku kuma duba kwanan wata a kwamfutar. Idan ba daidai ba ne, shafuffuka da yawa sukan ƙi buɗewa.

Gargaɗi: kada kowa ya soka tsinke a ƙaramin ramin da aka rubuta Reset. Yin haka yana share duk saitin da aka yi. Da damina kuma, a cire rawuta daga wuta idan ana tsawa.

Muna roƙon magatakardan kowace ikkilisiya ya manna wannan shafi a bangon ofis, ya kuma koya wa matasa biyu. Kayan nan amana ce a hannunmu. Ubangiji ya ba mu hikimar lura da su. Amin.