IDAN BURKI YA TSINKE, WA ZAI BIYA?

Duk mai bin hanyar Jega zuwa Aliero ko Maiyama a lokacin albasa ya saba ganin babur ɗauke da buhuna har direban ya kusa ɓacewa. Idan irin wannan babur ya buge mai tafiya a ƙasa, amsar da aka fi ji ita ce, "Burki ne ya tsinke, ƙaddara ce." To, shari'a ba ta tsayawa a nan.

Wayar burki ba igiya ɗaya ba ce, zaruruwan ƙarfe ne da aka tufka. Tsatsa da yawan lanƙwasa sukan karya su ɗaya bayan ɗaya cikin makonni, har ragowar su kasa ɗaukar nauyi. Galibi takan yi gargaɗi: hannun burki ya yi sanyi, ko a ga zare ya miƙe. Saboda haka tambayar alƙali ita ce: da an duba, za a gani?

A 1969 kotun ƙoli ta Ingila ta yanke hukunci kan wata babbar mota da bututun burkinta ya ruɓe, ta kashe wani ma'aikacin gidan waya. Masu motar suka ce lahanin a ɓoye yake. Kotu ta ce su ne za su tabbatar da cewa sun yi duk binciken da ya kamata, suka kasa, aka ɗora musu diyya. Kotunan Nijeriya sukan yi la'akari da irin wannan hukunci. Idan kuwa bakanike ne ya ɗaura wayar ba daidai ba, ko mai shago ya sayar da jabu, alhakin yana iya kaiwa gare su.

Sai batun inshora. Tun dokar 1945 aka wajabta wa masu abin hawa inshorar da ke biyan wanda aka buge, dokar 2025 da ta maye gurbinta ma ba ta soke wannan ba. A Janairun 2023 hukumar NAICOM ta tsayar da kuɗin babur a kan naira 3,000 a shekara, da diyyar ɓarnar dukiya har naira miliyan 1. Amma a lura: wannan takarda ba ta gyara babur ɗin, ba ta kuma biyan karayar direban. Ɗan kabu-kabun da aka kai wa masu ɗori na Aliero, daga aljihunsa zai biya su.